Salansa: Darasin Da Maƙeran Motocin Farko Suka Koya A Kan Hanya

Hausawa kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka lamarin yake ga mota, domin ba a masana'anta ake sanin ingancinta ba, sai ta hau hanya ta sha gargada. Daga cikin sassan da hanya ke saurin tona wa asiri kuwa akwai bututun hayaƙi da tukunyarsa, wato salansa.

Injinan farko ƙararsu tamkar harbin bindiga take, har dawaki kan firgita a titi. Wannan ne ya sa Milton Reeves, wani Ba'amurke mazaunin garin Kolombus a jihar Indiyana, ya ƙirƙiro tukunyar rage ƙara, ya yi mata rajista a 1897. To amma maganin ya zo da nasa ciwon, domin in tukunyar ta matse hayaƙi fiye da kima, sai injin ya shaƙe, ƙarfinsa ya ragu.

Doguwar tafiya ce ta bayyana sauran abokan gaba guda uku. Na farko zafi: ƙarfe kan buɗe in ya ɗau wuta, ya tsuke in ya huce, har ya tsage a mahaɗarsa da injin. Na biyu girgiza: bututun da aka ɗaure tamau a jikin mota dole ya karye, shi ya sa daga baya aka koma rataye shi da roba. Na uku tsatsa, wadda ke ci daga ciki, saboda tururin da ke cikin hayaƙi kan koma ruwa in bututu ya yi sanyi.

Masu gwajin wancan zamani ba su da kwamfuta, sai kunne da ido da haƙuri. Ɗan tsakin da ake ji in an tada injin da safe, wanda ke raguwa in ƙarfe ya ɗumama, alamar tsaga ce. Baƙin kunkunniya a gefen mahaɗa kuwa shi ke nuna inda hayaƙi ke sulalewa.

Wannan haƙuri ne ya fito da sunan kamfanin Rolls-Royce. A 1907 motarsa Silver Ghost, wadda shirunta na cikin dalilan sa mata suna, ta yi gwajin mil 15,000 a Birtaniya bisa idon masu sa ido, sannan aka kwance ta aka duba abin da ya ci.

Abin lura gare mu shi ne, fasasshiyar salansa ta wuce batun damun maƙwabta. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda kan kutsa cikin mota ta hallaka mutum alhali gilasai na rufe. Don haka duk direban da ya ji muryar motarsa ta sauya, ya garzaya wurin bakanike tun kafin tafiya ta yi nisa. Rigakafi dai ya fi magani.