Ladabi Ne Ko Fargaba?

Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gidana da ke unguwar Minanata a nan Sakkwato, sai na aiki ɗana mai shekara 10 ya sayo mini sabulu a shagon bakin titi. Bai jima ba ya dawo hannu rabbana. Wai irin wanda na ce ya ƙare, akwai wani mai kuɗi ɗaya da shi, amma bai saya ba sai ya zo ya ji daga bakina. Har na buɗe baki zan yaba masa, sai na lura leɓensa na rawa, idonsa kuma na kan hannuna, ba kan fuskata ba. Wannan yaro ne ya yi watanni yana kukan ciwon ciki kowace safiyar makaranta, likita ya duba bai ga komai ba.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, sai na ɗauki mako guda ina sauraren irin maganganun da ni da mahaifiyarsa muke yi masa. Abin da na ji bai yi mini daɗi ba. Kusan duka umarni ne ko hani: tashi, zauna, ajiye, kada ka taɓa, kada ka fita. Tambayoyin ma ba tambayoyi ba ne. Idan Basakkwace ya ce wa ɗansa "mi yak kai ka?" ba amsa yake jira ba, tsawa ce aka sa wa rigar tambaya, yaron kuma ya san haka sarai.

Sanin kowa ne Bahaushe na alfahari da tarbiyya, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafinsa Mutumin Kirki, inda ya jero halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Kunya da ladabi na ciki, amma hankali da hikima ma na ciki, su kuwa ba sa girma sai an bar yaro ya gwada su. Matsalar ita ce, kunya da tsoro kalmomi biyu ne a harshenmu, amma kamarsu ɗaya ce a jikin yaro: sunkuyar da kai, ƙasa da murya, da shiru. Shi ya sa uba zai daɗe yana jin ana cewa ɗansa natsattse ne, alhali zullumi ne ke cin yaron.

Masana halayyar ɗan Adam sun jima a kan wannan batu. Tun a 1966 Diana Baumrind a Amurka ta rarrabe uba mai kafa doka ba bayani da uba mai kafa doka yana bayani yana kuma sauraro. A 2007 Bryce McLeod da abokan aikinsa biyu suka haɗa sakamakon bincike 47, suka ga takurawa ta fi rashin nuna ƙauna alaƙa da fargabar yara. Sai dai a yi adalci: salon tarbiyya gaba ɗaya kashi 4 cikin 100 kacal ya bayyana na bambancin da ke tsakanin yaran, domin akwai gado, akwai halitta, kuma yaro mai tsoro kan sa iyaye su ƙara tsare shi. Amma da suka ware batu guda, wato ba yaro damar yanke shawara da kansa, sai adadin ya kai kashi 18. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da kullum ake zaɓa masa yana koyon darasi biyu ba tare da an furta ba: duniya wuri ne mai hatsari, shi kuma ba zai iya da ita ba.

Ba na zargin iyaye da mugunta, tunda ni ma ina cikinsu. Wanda ya ji abin da 'yan bindiga suka yi a Isa da Sabon Birni, ya ga yadda shaye-shaye ke lalata matasa, ga kuma wayar hannu, dole ya so ya kulle ƙofa. Amma kulle ƙofar gida daban, zaɓa wa yaro launin hula da abokin wasa da fannin karatu daban.

Mu malaman jami'a mu ne muke karɓar su daga baya. Ɗalibi mai shekara 23 zai tsaya kare kundinsa, aikin da shi ya rubuta kuma ya san shi ciki da waje, a tambaye shi ra'ayinsa sai gumi ya karyo masa, ya shiga laluben fuskokinmu yana neman amsar da muke so. Sau da yawa mukan ce bai yi karatu ba. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya nan Kware kusa da mu, amma wa zai kai yaron da ba ya duka, ba ya zagi, ba ya musu? Irinsa ai nuna shi ake yi a unguwa a ce a yi koyi da shi.

Da ƙaramar Sallah ta matso na tafi da nawa kasuwa, na ce ya zaɓi shaddarsa. Ya fi minti 20 yana duban yadi yana dubana, mai shago har ya gaji ya koma kan wani ciniki. A ƙarshe ya nuna wata ruwan ɗorawa wadda ni ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba. Na cije na biya. A hanya ya ce, "Baba, ba ka yi fushi ba?" Na ce masa a'a. Sai da ya sake tambaya sau biyu kafin mu isa wurin tela.