Na biya kuɗi, na sauke fim, ya ƙi buɗewa: makullin da ke jikin bidiyon waya



A filinmu na amsa tambayoyi wani bawan Allah ya bugo daga wajen Foulatari da ƙorafin da muka sha ji. Ƙanensa da ke aiki a Saudiyya ya biya masa abonema na wata manhajar kallon finafinai. Da ya shigo Difa ya zauna inda rezo ke da ƙarfi, ya ƙone forfe ɗinsa kaf wajen sauke finafinai a memori. Ya koma gida, ya zare memorin ya sa a wayar maiɗakinsa, babu ko ɗaya. Ya gwada tura su ta Xender, bai ma gan su ba. Bayan ƴan kwanaki a tasa wayar ma suka ƙi buɗewa. Ya ce mana: "Don Allah ku gaya mini, cuta ta aka yi ko wayar ce ta lalace?"

Wayarsa lafiyarta lau. Abin da ya ci karo da shi makulli ne da masu finafinai ke sa wa kayansu, wanda masana ke kira DRM a taƙaice.

Ku tuna dikodar Canal+ da ke gidajen kallon ƙwallo. Hoton yana saukowa daga tauraron ɗan Adam a kan kowa, amma a hargitse yake zuwa, sai katin da ke cikin dikoda ya warware shi. Ranar da abonema ya ƙare, faranti na nan, dikoda na nan, ƙwallo ya ɓace. To haka yake a waya, sai dai katin ba a ganinsa da ido. Duk lokacin da ka danna fim a Netflix ko Prime Video ko manhajar Canal+, wayarka tana aika saƙo kamfanin tana neman mabuɗi. Kamfanin zai duba asusunka, ya duba wace irin waya ce, ya duba ƙasar da kake, sannan ya ba da mabuɗin, kuma da wa'adi a jikinsa. Abin da ya shiga memori akwati ne a kulle. Mabuɗinsa yana ɗaure da wayar da ta sauke shi, ba ya bin memori zuwa wata waya.

Mu kuwa a nan ba haka muka saba ba. Mun saba ka je wurin mai caji a kasuwa, ka ba shi ƴan canji ya cika maka memori da waƙoƙi da wa'azi da finafinai, ka tura wa duk wanda ka ga dama. Waɗancan ba su da makulli, shi ya sa suke yawo daga Maine Soroa har Ngigmi. Wannan yawon ne kuma ya karya kasuwar faifan CD ta Kannywood: mai fim ya zuba dukiyarsa, kafin ya mayar da uwar kuɗi fim ɗin ya cika wayoyin mutane kyauta. Dole ta sa suka koma talabijin irin Arewa24, da manhajoji irin Northflix, da YouTube, inda Izzar So da Labarina suka samu miliyoyin masu kallo. Don haka ba za mu ga laifin mai kaya ba idan ya kulle kayansa.

Inda muke da magana shi ne wa'adin. Waɗanda suka ƙera makullin nan sun ƙera shi ne da tunanin mutumin da intanet ke cikin ɗakinsa dare da rana. A Netflix, akwai finafinan da idan ka fara kallo bayan ka sauke, awa 48 kawai gare ka. A YouTube, bidiyon da ka ajiye cikin manhajar yana so wayar ta leƙa intanet kafin wata ya cika, in ba haka ba ya rufe. Mutumin Yamai ba zai ma lura ba. Makiyayin da zai yi sati shida a daji, ko mai noman tattasai a bakin Komadugu da sai ya hau tudu yake samun sanda ɗaya ta rezo, shi ne zai tarar da ƙofa a rufe alhali kuɗinsa sun fita cif. Abin da ya samu mai kiranmu ke nan. Sabunta mabuɗin ba ya cin mega mai yawa, sau da yawa buɗe manhajar a inda akwai rezo ya wadatar. Amma ai sai an samu rezon.

Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane: agogon waya. Idan batir ya mutu ya daɗe, ko an cire shi, kwanan wata na iya komawa baya da shekaru, sai manhajar ta ƙi amincewa. Kafin ka kai wa mai gyara, duba kwanan wata tukuna.

Sai maganar irin wayar. Makullin kala uku ne manya: Widevine na Google, wanda ke cikin wayoyin Android, FairPlay na Apple a iPhone, da PlayReady na Microsoft. Tunda mafi yawanmu Android muke riƙewa, Widevine ne ya shafe mu. Yana da mataki. A matakin L1, ana warware fim ɗin a wani keɓaɓɓen wuri cikin ƙwaƙwalwar waya inda sauran manhajoji ba sa kaiwa, don haka kamfani ya yarda ya ba ka hoto tangaran. A matakin L3 babu wannan keɓaɓɓen wurin, kamfani ba ya sakin jiki, sai ya ba ka hoto mai ƙaramin inganci ko da ka biya abonema mafi tsada. Da yawa daga cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi L3 ne. Wayar L1 ma takan faɗo L3 idan mai gyara ya yi mata filashin da ya taɓa tsaronta. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna DRM Info da ke nuna matakin wayarka cikin daƙiƙa kaɗan.

Gaskiya mu ba mu ɗauki L3 wata masifa ba. A fuskar ƙaramar waya bambancin ba shi da yawa, kuma Netflix da kansa ya ce hoto na gama-gari yana cin abin da bai wuce giga 1 ba a awa, tangaran kuwa har giga 3. Wa ke da wannan forfe? Asarar tana kan wanda ya biya babban abonema saboda hoto mai kyau, wayar ƙauye kuma ba za ta taɓa nuna shi ba.

Masu gidan kallo, ku ma ku ji. Idan ka haɗa waya da talabijin ko majigi sai ka ji murya amma allo baƙi ƙirin, ba lallai igiyar ce ta lalace ba. Makullin yana tambayar talabijin ɗin ma ko amintacce ne, in bai samu amsa ba ya hana hoto. Shi ne kuma dalilin da ya sa in ka ɗauki hoton allo a tsakiyar fim sai ya fito baƙi. Ƴan akwatunan Android marasa suna da ake kawowa daga Kano ko Dubai, da yawansu ba su da shaidar Google, wasu manhajojin ba za su hau kansu ba sam.

Ƴan uwa da ke Faransa, Libiya, Saudiyya ko Amurka, wannan ɓangaren naku ne. Ana sayar da haƙƙin nuna fim da ƙwallo ƙasa-ƙasa ne, saboda haka abin da kake kallo a Marseille ba dole ya buɗe a Difa ba, ko da da asusunka aka shiga. Manhajar tana gane ƙasa ta hanyar layin intanet ɗin da aka hau. Har a nan bakin kogi ana ganin haka: mai layin Najeriya da ke kamawa daga tsallake, manhaja ta ɗauka yana Najeriya, maƙwabcinsa mai Airtel ko Moov ko Zamani kuma yana Nijar, abin da za a nuna musu na iya bambanta. Tun 2023 kuma Netflix ya tsananta kan raba lambar sirri da wanda ba gida ɗaya kuke ba. Kafin ka biya na wata shida, biya na wata ɗaya, a gwada a wayar da za a yi kallon, a garin da za a yi kallon. In waya za ka aiko, ka duba tana da Play Store, don sababbin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da shi.

Za ku ji samari na cewa akwai manhajar da aka fasa, komai kyauta. Wanda ya iya fasa makullin kamfani ya iya dasa abin da ya ga dama a ciki, kuma wayar nan ita ce ake turo muku kuɗi ta kanta daga waje. Mu dai ba za mu sa ta a tamu ba.

Mai kiranmu na Foulatari mun ce masa ranar da ya sake shigowa Maine Soroa ya kunna data, ya buɗe manhajar, ya duba waɗanda suka farfaɗo. Wanda wa'adinsa ya wuce gaba ɗaya sai an sake saukewa, kuma wannan karon ya fara da wanda zai kalla a daren.