Haruffan Da Ba Sa Motsa Haɓa

Ɗora yatsa a ƙarƙashin haɓarka, ka ce "karatu". Sau uku haɓar za ta sauka, domin kowace gaɓa tana ɗauke da wasali, wasali kuwa sai baki ya buɗe yake fita. Wannan ɗan gwaji zai fid da mai koyon Faransanci daga wani tarko.

Mu ɗauki aikatau "chanter", wato rera waƙa. A cikin "nous chantons", kalmar "chantons" gaɓa biyu ce: chan-tons. Ba a furta "n" ɗin. Hanɗa ce ke sauka, wani sashe na iska ya bi ta hanci. To amma "chantent" ta cikin "ils chantent" gaɓa ɗaya ce tak, kamar a ce "shant". Ƙarshen nan "-ent" ido kaɗai ke ganinsa. Mu da muka saba furta duk harafin da muka gani, a nan muke tuntuɓe.

Saboda haka "il chante" da "ils chantent" lafazinsu ɗaya ne, kuma a shifta kunne ba zai raba su ba, sai ma'anar jimla. Aikatau mai farawa da wasali ya fi sauƙin kai: "il aime" i-lem ne, "ils aiment" kuwa il-zem, don "s" ɗin ya farka ya koma farkon gaɓa ta biyu.