Dalilin da ya sa gwamnati ke auna ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Miliyoyin gidaje a Najeriya ba su san ruwan famfo ba, rijiya da burtsatse ne madogararsu. Sai dai masu haƙar ba kasafai suke sanin yawan ruwan da ke kwance a ƙasa ba, balle tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya sake taruwa bayan an zuƙe shi. Amsar waɗannan tambayoyi ce binciken hukumomin tarayya ke nema.

Hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, wato NIHSA, wadda aka kafa da dokar shekarar 2010, ita ke da alhakin tattara bayanai kan koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa a shiyyoyi takwas da aka kasa Najeriya bisa magudanun ruwanta. Masana kan ware wasu rijiyoyi domin sa ido kawai, su riƙa auna zurfin ruwansu da damina da rani, sannan su kai samfurinsa ɗakin gwaji.

Awon ya zama dole ne saboda ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A mafi yawan Kano da Kaduna da Abuja, dutse ne a ƙasa, ruwa kuma yana maƙale ne a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi a tutar babu.

A yankin Tafkin Chadi kuwa, rairayi ne mai riƙe ruwa hawa uku. Burtsatsen da aka haƙa a Borno cikin shekarun 1950 da 1960 sun riƙa feso ruwa da kansu ba tare da inji ba. An bar da yawa daga cikinsu suna kwarara dare da rana, har ƙarfin ruwan ya ragu, wasu suka daina fesowa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ruwan hawa na tsakiya da na ƙasa ya taru ne tun dubban shekaru, lokacin da yankin ya fi yanzu samun ruwan sama. Abin da aka ɗiba daga can, daminar bana ba za ta mayar da shi ba. Ita ma taskar ruwan da ke ƙarƙashin Sakkwato da Kebbi ta ratsa har Nijar da Mali, don haka lissafinta ya wuce na ƙasa ɗaya.

Bayan yawa, akwai batun tsafta. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan yankin Ogoni ya gano cewa a Nisisioken Ogale jama'a na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A gaɓar Legas ruwan gishiri ne ke kutsawa idan aka tsananta zuƙa, a unguwanni masu cunkoso kuwa masai ne ke kusa da rijiya.

Wahalar aikin ita ce awon shekara ɗaya ba ya nuna komai. Sai an jera shekaru ana rubuta zurfin rijiya guda kafin a gane ko ruwanta na ja da baya ne ko kuwa fari ne na ɗan lokaci. Duk rijiyar sa ido da aka yi watsi da ita saboda rashin kuɗi, bayanan shekarun da aka tsallake sun tafi ke nan.