Wa zai fara wucewa? Yadda kamfanoni ke kasa na'urori rukuni-rukuni a hanyar sadarwarsu

Duk wanda ya taɓa neman kiran waya a filin Idi ko filin wasan ƙwallo ya san yadda sabis ke ɗaukewa idan jama'a suka yi yawa. Mai kira sai ya yi tsaki ya sake gwadawa. Amma a masana'antar da motoci marasa direba ke zirga-zirga a tsakanin ma'aikata, jinkirin saƙon "tsaya" na daƙiƙa guda na iya janyo asarar rai.

Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan masana'antu, ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa suka fara kafa hanyar sadarwar salula tasu ta kansu: turakunsu, katunan SIM ɗinsu da cibiyar sarrafawarsu. A 2019 Jamus ta ware zangon gigahaz 3.7 zuwa 3.8 domin irin wannan aiki, kuma masana'antar motoci ta Factory 56 da Mercedes-Benz ya buɗe a garin Sindelfingen a 2020 na aiki da 5G nata na kanta.

Sai dai kafa turaku shi ne mai sauƙin. Komai ƙarfin hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma na'urorin da ke kanta ba buƙatarsu ɗaya ba. Kyamarar tsaro tana tura hotuna masu nauyi dare da rana. Na'urar auna zafi ɗan saƙo kaɗan take aikawa jefi-jefi. Ita kuwa mota mara direba saƙonta bai taka kara ya karya ba, amma dole ya isa nan take. Idan aka bar su suna kokawa a kan hanya ɗaya, kyamara ce za ta cinye wurin.

Kowane katin SIM yana da lambar shaida da ake kira IMSI, wadda ba ta wuce alƙaluma 15 ba, kuma da ita cibiya ke gane shi. Maimakon injiniya ya bi katuna dubu ɗaya bayan ɗaya, sai ya kasa su: na kyamarori, na motoci, na wayoyin ma'aikata, na 'yan kwangila da baƙi. Kowane rukuni sai a rubuta masa ƙa'ida guda. Sabuwar kyamara da ta zo, da zarar an saka katinta a rukunin 'yan uwanta, ta gaji dokarsu.

Ƙa'idar takan fayyace iyakar saurin da na'ura za ta samu wajen aikawa da karɓa, da kwamfutocin da aka yarje mata ta yi magana da su. Amma inda gizo ke saƙar shi ne fifiko. A tsarin 4G da 5G akwai matakan fifiko daga 1 zuwa 15, na 1 shi ne gaba da kowa, kuma ana iya ba wani rukuni izinin ture na ƙasa da shi idan hanya ta cika. Akwai kuma alƙawarin lokaci: ajin da aka tanadar wa kiran murya yana da wa'adin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, alhali wani ajin da aka tanada domin sarrafa injuna kashi ɗaya cikin ɗari kacal aka ba shi.

A 5G ana iya wuce nan, a tsaga hanya guda zuwa yanki-yanki, kowane yanki tamkar hanya mai zaman kanta. An gwada haka a tashar jiragen ruwa ta Hamburg daga 2018, tare da Deutsche Telekom da Nokia, inda fitilun ba da hannu suka samu nasu yankin daban da na na'urorin da aka ɗora a kan jirage domin auna yanayin muhalli.

Ɓangaren tsaro ma yana da nasa darasin, kuma birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu ya koye shi da tsada. A farkon 2011 hukumar kula da hanyoyin birnin ta bayyana cewa ɓarayi sun fasa fitilun ba da hannu sama da 400 sun cire katunan SIM da ke ciki, suka riƙa kiran waya da su. Layukan kamfanin waya na gama-gari ne, amma kuskuren ɗaya ne a ko'ina: an ba katin fitila damar da fitila ba ta buƙata. Da an taƙaita shi ga magana da cibiyar kula da fitilu kaɗai, aka kuma ɗaure shi da lambar IMEI ta na'urar da yake ciki, da ɓarawo ya tashi a tutar babu.

A ganina, babbar matsalar ba ta fasaha ba ce, ta shugabanci ce. Kowane sashe a kamfani yana ganin nasa aikin ne kan gaba. Shugaban tsaro zai ce kyamarorinsa, shugaban samar da kaya zai ce injunansa, kuma ba a rasa babban jami'in da zai so a saka wayarsa a sahun farko. Idan kowa ya samu mataki na 1, an koma gidan jiya. Bai kamata a bar wa injiniya shi kaɗai wannan hukunci ba, domin tambayar ita ce: wace na'ura ce idan ta yi jinkiri wani zai ji rauni, wacce kuma jinkirinta ɓacin rai kawai zai jawo?

Akwai kuma rukunin da aka fi mantawa da shi, wato inda sabon kati ke faɗawa kafin a tantance shi. Masu lura sukan ƙuntata shi matuƙa, ba ya kaiwa ga komai sai an duba shi. Haka nan katin ɗan kwangilar da ya gama aiki ya tafi: muddin ba a cire shi daga rukuninsa ba, ƙofar da aka buɗe masa tana nan a buɗe.