Amsar Wasiƙunku: Masaukin Mai Ƙaramin Ƙarfi a Tsibiran Girka

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Gumel. Ya ce ɗansa ya nuna masa hotunan wasu fararen gidaje masu shuɗin ƙofofi a bakin teku, aka ce masa otal-otal ne a ƙasar Girka. Shi ne yake tambaya: shin masu kuɗi kaɗai ke sauka a irin waɗannan wurare, ko mai ƙaramin ƙarfi ma yana da inda zai raɓa? Me ake ba baƙo in ya biya? Su kuma masu gidajen, da me suke ci in baƙi sun watse?

AMSA: To Malam, mun gode, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ita dai ƙasar Girka tana kudu maso gabashin Turai, a bakin Bahar Rum, Turkiyya na gabas da ita, Libiya da Masar kuma suna ƙetaren teku ta kudu. Babban birninta shi ne Atina. Tana da tsibirai manya da ƙanana wajen 6,000, amma 227 ne kawai mutane ke zaune a kai. Tsibiri kuwa ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, kamar waɗanda ke cikin tafkin Chadi.

Mutanen ƙasar sun ɗan haura miliyan 10, amma a shekarar 2023 baƙin da suka je yawon shaƙatawa sun fi miliyan 30. Wato kowane mutum ɗaya na ƙasar, baƙo uku ke nan. Ka ga kuwa ba zai yiwu a ce dukansu attajirai ne ba. Akwai malaman makaranta, akwai direbobi, da ɗalibai, da tsofaffi 'yan fansho, waɗanda kan shekara suna tara kuɗin hutun mako ɗaya ko biyu. Tsibiran Santorini da Mikonos su ne suka yi suna wajen tsada. Mai neman sauƙi yakan nufi irin su Naksos, kuma da shi za mu yi maka misali, domin tsibirin manoma ne. Mazaunansa wajen 20,000 ne, sun shahara da noman dankalin Turawa, da kiwon shanu, da yin cuku.

Mai zuwa Naksos yakan sauka Atina, ya je tashar jiragen ruwa ta Piriyas, ya shiga babban jirgin fito mai ɗaukar mutane da motoci. Tafiyar awa biyar zuwa shida ce. Akwai jirgi mai sauri, amma kuɗinsa ya fi. Wasu masu masauki kan zo tasha da 'yar motarsu su ɗauki baƙonsu, in ko ba haka ba, akwai bas mai zuwa gaɓoɓin teku irin su Agiya Anna da Plaka, inda ƙananan masaukai suka jeru.

Yanzu bari mu shiga cikin gidan. Kada ka sa ran dogon bene mai ma'aikata cikin kayan sarki. Yawanci gida ne na iyali, hawa ɗaya ko biyu, ɗakuna goma ko ashirin. Da yawa daga cikinsu a kan gonar gado aka gina su, a wurin da a da ba a ɗauke shi bakin komai ba, tunda ƙasa mai rairayi kusa da gishirin teku ba ta yi wa manomi daɗi. Da baƙi suka fara kwararowa, wannan fegin da aka raina shi ya fi kowace gona daraja. Maigida ne ke karɓar baƙi, uwargida da 'ya'ya ke shara da wankin zannuwan gado.

A cikin ɗakin za ka tarar da gado, da kabad, da ƙaramin firji, da banɗaki wanda ba shi da yalwa, da 'yar baranda mai tebur da kujeru biyu. Galibi akwai na'urar sanyaya ɗaki. Wasu ɗakunan suna da risho na lantarki da tukwane, don baƙo ya dafa abincinsa da kansa, kuma nan ne ake samun ragowar kuɗi, domin cin abinci a waje sau uku a rana shi ke karya aljihu. Ruwan zafi yakan fito ne daga tankin da rana ke ɗumamawa a kan rufi, saboda haka wankan yamma ya fi na asuba ɗumi. Sannan akwai wata ƙa'ida da kan ba baƙi mamaki: ba a jefa takardar goge jiki a cikin masai, sai a kwandon da aka ajiye a gefe, domin bututun ƙanana ne, nan da nan suke toshewa.

Batun kuɗi kuwa, Malam, kai ɗan kasuwa ne, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Yadda buhun gero ke da farashin kaka da farashin bazara, haka ɗakin otal yake. Kakarsu ita ce watan Yuli da Agusta, lokacin da Turai ke hutu, musamman wajen ranar 15 ga Agusta da Girkawa kansu ke komawa ƙauyukansu don wani babban bikin addininsu. A lokacin, ɗakin da ka samu da sauƙi a watan Mayu ko Oktoba yakan ninka kuɗi, wani wuri ma fiye da haka, kuma wanda bai kama tun da wuri ba yana iya rasawa. Ɗakin da ke kallon teku ya fi na baya tsada, ko da girmansu ɗaya. Masu wayo kan je a watan Yuni ko Satumba, ruwan teku da ɗumi, cunkoso ya ragu, farashi ya sauko. Da Yuro ake biya, domin tun 2002 Girka ta ajiye tsohon kuɗinta, Dirakma.

Bayan kuɗin ɗaki akwai harajin gwamnati da ake biya a kan kowane ɗaki kowane dare. An fara shi a wannan siga a watan Janairun 2024, bayan gobarar daji da ta sa aka kwashe dubban mutane a tsibirin Rodos, da ambaliyar da ta cinye gonaki a tsakiyar ƙasar, duk a 2023. A shekarar 2025, daga Afrilu zuwa Oktoba, otal mai tauraro ɗaya ko biyu Yuro 2 ne, mai tauraro biyar kuma Yuro 15. Saboda haka kafin mutum ya ba da kafin alƙalami, ya tambaya ko an haɗa da haraji, da karin kumallo, da na'urar sanyi. Kuma ya tambayi mita nawa ne daga ƙofa zuwa ruwa, domin “kusa da teku” a bakin mai talla tana iya zama tafiyar rabin awa.

Abin da manoma za su fi ganewa shi ne maganar ruwa. Lokutansu akasin namu ne. A can ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Watannin da muke damina, su fari fat ne. To a daidai lokacin da babu ruwan ne baƙi ke cika tsibiri, kowa yana wanka sau biyu, ana wanke zannuwa, manyan otal suna cika wurin ninƙaya. A 2024 babbar madatsar ruwa ta Naksos ta ƙafe, ruwan gishiri ya shiga rijiyoyin ban-ruwa, noman dankali ya ragu, sai da hukuma ta kawo injunan tace ruwan teku. Ka ga rijiya ɗaya, mai gona yana so, mai otal yana so, sau da yawa kuma wa da ƙane ne. Shi ya sa za ka ga takarda a banɗaki ana roƙon baƙo ya taƙaita ruwa, kuma a tsibirai da yawa ruwan kwalba ake sha, na famfo yana da ɗanɗanon gishiri.

Ita gaɓar teku fa, ta wa ce? A dokar Girka ta jama'a ce, ba ta mai otal ba. Masu sana'a kan karɓi hayar wani yanki su jera lema da kujerun kishingiɗa, wanda ya zauna ya biya. Da abin ya yi yawa, a 2023 mutanen tsibirin Paros, maƙwabcin Naksos, suka fito da tawul ɗinsu suna zanga-zanga a kan rairayi, abin ya bazu zuwa wasu tsibirai. A 2024 aka yi doka cewa kashi 70 cikin 100 na kowace gaɓa ya zauna babu kujerun haya, kuma a bar mita 4 tsakanin kujeru da ruwa. Ashe ke nan mai ƙaramin ƙarfi yana iya shimfiɗa tabarmarsa kyauta, teku ɗaya yake kallo da attajiri.

Ga wasu abubuwa uku na kiyayewa. Na farko, iskar arewa da suke kira Meltemi. Tana kaɗawa a Yuli da Agusta, kamar ta hunturunmu amma babu ƙura, kuma in ta yi ƙarfi ana tsayar da jiragen ruwa. Mai hankali yakan koma Atina kwana ɗaya kafin ranar tashin jirginsa na sama. Na biyu, lokacin hutun rana: daga ƙarfe 3 zuwa 5 da rabi na yamma doka ta hana hayaniya a watannin zafi. Na uku, abinci. Tsiren da suke kira suflaki yawanci naman alade ne, don haka wanda ba ya ci ya tambaya. Akwai na kaza, akwai kifi, da wake, da tumatir da cuku da man zaitun.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Zuwa ƙarshen Oktoba yawancin ƙananan masaukai sun rufe. A kwashe kujeru, a kulle tagogi. Maigida ya koma wa itatuwan zaitun ɗinsa da ake tsinka daga Nuwamba, ko shanunsa, ko gyaran gida da shafen farar ƙasa. Wasu su tafi Atina sai an ga Afrilu. Abin da aka samu cikin wata biyar ko shida, shi za a ci wata goma sha biyu, a biya bashin banki, a sayi sabuwar katifa. Otal ɗin nan gona ce mai girbi ɗaya a shekara, kuma ita ma tana da shekarar fari. A 2019 baƙi sun haura miliyan 31, amma a 2020, shekarar cutar korona, ba su kai miliyan 8 ba. Idan ka ji mai ɗaki ya ƙi ragi a watan Agusta, rumbunsa yake cikawa.

Daga ƙarshe, ga matasa masu sauraronmu. Ɗan Nijeriya ko Nijar da ke son zuwa Girka sai da bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 a watan Yunin 2024. Za a nemi shaidar masauki, da tikitin dawowa, da inshorar lafiya, da shaidar abin hannu. Ba ta wuce kwana 90, kuma ba takardar neman aiki ba ce. Wanda ya ce zai kai ka ta Libiya a kwale-kwale, ka tuna jirgin da ya taso daga Tobruk ya nutse kusa da Girka a watan Yunin 2023: mutum 104 aka ceto, ɗaruruwa suka halaka.