Sifanar Tsohuwar Mota: Me Ya Sa Ba Kowace Ke Kama Noti Ba?

A zamanin da, idan mutum ya sayi sabuwar mota, yakan tarar da wata 'yar jaka ko akwati a cikinta ɗauke da kayan gyara, kamar su sifana da sukudireba da filaya da jak da sifanar fulogi. Yau da gobe, waɗannan kaya kan ɓace ɗaya bayan ɗaya, wani a gefen hanya, wani a hannun mai aro. Shi ya sa masu adana tsofaffin motoci, musamman a Ingila da Jamus da Amurka, kan shafe shekaru suna neman madadinsu. Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a shiga kasuwa a sayo sababbi? Amsar tana cikin tarihin awo.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, kowace masana'anta a Ingila tana yanka zaren noti, wato abin da kanikawa ke kira tiredi, yadda ta ga dama, har ya zama notin wannan ba ya hawa ƙusar wancan. A shekarar 1841 wani injiniya mai suna Joseph Whitworth ya kawo tsari guda, inda kusurwar zaren ta zama digiri 55. A 1864 William Sellers ya fito da nasa a Amurka mai digiri 60. Ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus kuwa suka bi awon milimita. Wahalar da aka sha wajen musayar kayan gyara a Yaƙin Duniya na Biyu ita ta sa Amurka da Ingila da Kanada suka amince da tsari na bai ɗaya a 1949. Amma motocin da aka riga aka ƙera suna nan da notinsu na da.

Bambancin bai tsaya ga zare kaɗai ba. Lambar da ke jikin sifanar milimita tana nuna faɗin bakinta ne. Ita kuwa ta Whitworth, lambarta kaurin ƙusar take nufi. Alal misali, sifanar da aka rubuta wa 1/4 W faɗin bakinta inci 0.525 ne, wato kimanin milimita 13.3. To, sifana mai lamba 13 ba za ta shiga wannan noti ba, mai lamba 14 kuma za ta bar sararin da ya kusa milimita 0.7. Idan aka matsa da ita a haka, maimakon ƙarfin ya watsu a kan gefunan notin, sai ya taru a kan kusurwoyinsa, su cinye, notin ya zama mulmulalle. Daga nan sai an sa kurfi ko zarto kafin a raba shi da ƙusar, kuma samun irinsa wani aiki ne.

Wani misali mai ban mamaki shi ne motar MG TC da aka ƙera a Ingila daga 1945 zuwa 1949. A 1923 William Morris ya sayi masana'antar injuna ta kamfanin Hotchkiss na Faransa da ke garin Coventry, aka ci gaba da aiki da na'urorinta masu yanka zaren milimita. Saboda haka ƙusoshin injin wannan mota zarensu na Faransa ne, amma kawunansu na Whitworth, domin sifanar kanikawan Ingila ta kama su. Masu tsohuwar Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle, waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna da Legas a 1975, sun huta da wannan ruɗani, tunda awonsu milimita ne.

Mai neman cike jakarsa, matakin farko shi ne ya samo littafin jagoran motar ko kundin kayan gyaranta, domin a nan ake jera abin da ta zo da shi. Na biyu, ya lura da tambarin maƙera, domin galibi kamfanonin mota ba su suke ƙera kayan ba, sayowa suke yi. A motocin Ingila akan ga sunaye irin su King Dick a kan sifana, Shelley a kan jak, da Tecalemit a kan famfon giris. A Jamus kuwa kamfanin Hazet ya yi wani zagayayyen akwatin kaya da ke zama daram a cikin safayar tayar Beetle. Na uku, kada ya dogara da ido, ya auna bakin sifanar, domin tsohuwa kan buɗe saboda yawan aiki.

Har ila yau, kowane abu a jakar da dalilinsa. Wasu motoci masu taya mai noti ɗaya a tsakiya sukan zo da guduma mai kan jan ƙarfe, saboda jan ƙarfe ya fi notin taushi, shi zai lotse, notin ya tsira. Haka nan ƙarfin murɗawa ya dogara ne ga ƙarfin hannu da tsawon mariƙi: idan aka ninka tsawon, an ninka ƙarfin. Wanda ya musanya gajeren mariƙin sifanar fulogi da dogo yana iya lalata zaren kan inji bai sani ba.

Idan kayan da aka samu sun yi tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, ana iya jiƙa su cikin ruwan khal na yini guda, a goge da buroshi, a wanke, a busar, sannan a shafa mai.

Daga ƙarshe, muna ba malamai shawara su kawo sifana biyu ko uku da notuna aji, ɗalibai su auna da kansu, su juya inci zuwa milimita ta hanyar ninkawa da 25.4, su ga wace ce ta dace da wane.